Banish: Doguwa Ce Ko Gajera?

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Wannan littafin awo ne. Shafi goma na farko duk tsawon ƙofofin mutane ne da faɗin gadajensu. Daga nan zuwa gaba nawa ne, tunda wadda na saba yi wa surutu tana kwance a ɗaki na huɗu, gado na biyu daga taga, wadda take gyara mini surutun kuma ta daina kula ni.

Ko littafin zai faɗa hannun wani: ni kafinta ne, shekara hamsin da takwas, aji huɗu na firamare da rabin aji biyar. Rabin da na bari, a ciki aka koyar da hankali. Matata Gwamnati nake ce mata, don ba a taɓa zaɓen ta ba kuma ba a taɓa kayar da ita ba. 'Yarmu ɗaya tak, Ƙamus, malamar Turanci ce a babban gari, awa biyar a mota. Tun tana shekara tara take gyara mini magana.

Gwamnati ta faɗi a kicin ranar Juma'a. Ƙamus ta iso ranar Asabar. Jiya Likita ya kira mu ofishinsa, ni kuma sai na tuna ruwan sha ya ƙare, na tafi sayowa. Kafin in dawo ya gaya mata abin da ya gaya mini mako bakwai da suka wuce. Ya kuma gaya mata tun ranar ya ba ni takardar da zan kai uwarta babban asibitin garinsu.

A baranda na same ta. Na ɗaga robar ruwan na ce, "Ga shi, mai sanyi, har gumi yake."

"Gyambon ciki ka ce mini, Baba. Mako bakwai ina kiran ka, kana cewa Gwamnati ce ta cika cin yaji."

Na ce ai yajin ma ta ci.

Ta daɗe tana kallo na. Sannan ta ce, "Kai dai duk abin da ya taso, banish."

Da Turancinta ta faɗi kalmar, haƙora a kan leɓe. Ta shige ɗaki.

Likita ya ce sai jininta ya ƙaru kafin a yi tafiya, kusan mako uku. Ranar Asabar ta uku Ƙamus za ta tafi da uwarta. Ita ta gaya wa nas, nas ta gaya mini. An ambaci mota, an ambaci filo biyu. Ba a ambaci kafinta ba.

Talata, bakwai na safe

Na kai shayi, na ce ina kwana. Ƙamus ta amsa filas, gaisuwa ba ta amsa ba.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana, a shago

Sai yanzu abin ya fara ba ni haushi. Me banish ya yi mata? Shekara talatin da biyar ina shafa shi. Teburin da ta koyi rubuta sunanta a kai, hannu uku na yi masa, kowane sai ya bushe kafin na gaba. Don mutum ya yi digiri sai ya raina gwangwanin da ya tashi yana shaƙa?

Na fara yi wa Gwamnati kujera. Mai jingina, mai hannuwa, ƙasa-ƙasa yadda tashi ba zai ba ta wuya ba, ta riƙa zama a tsakar gida in an sallame ta. Na san abin da nas ta ce. Ina yi dai. Katakon bai gama bushewa ba, kuma akwai 'yar tsaga a allon baya, siririya kamar gashi. Garin katako da gam, an wuce wurin.

Wani ya zo duba kabad ɗinsa, ya ce yaya mai jiki. Na ce da sauƙi, har ta fara faɗa. Ya yi dariya, na yi dariya. Rabon da ta yi mini faɗa wata biyu ke nan. Ban taɓa zaton zan yi kewar abin ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Maƙwabcin shagona tsohon hedimasta ne. Tun da ya yi ritaya aikinsa zama a bencina yana gyara wa rediyo Turanci. Na ba shi labari, na rage wasu wurare. To, na rage da yawa. Na ce yarinya ce ta zagi sana'ata.

"Me ta ce daidai?"

"Ta ce duk abin da ya taso, banish."

"Wanne?"

"Wanne kamar yaya? Akwai mai sheƙi, akwai marar sheƙi."

Ya tashi ya shiga gida, ya fito da ƙamus ɗinsa, na gaske, na takarda, wanda ni na manne masa bango da gam bara. Ya zare fensirin kunnena ya rubuta kalma uku a kan guntun katako: varnish, vanish, banish.

"Ta farko taka ce, ta gwangwani. Ta biyu, mutum ya ɓace ɓat, a neme shi a rasa. Ta uku, a kori mutum daga gari, kada ya dawo."

Na ce, "Hedimasta, a bakina duka ukun abu ɗaya ne."

"Shi ya sa ake zama a gama aji biyar. Da leɓe biyu ta fara, ko da haƙori a kan leɓe?"

"Da haƙori."

"To ta uku ta fita."

Na ce ba ta fita ba. Ita ba faɗin ta take yi ba, aikata ta take yi.

"Saura biyu. Ta ja ta ko ta datse? Wannan harafin na tsakiya ba a cika furta shi ba, ja kawai ake yi. Kamar garin da ake zama a ciki da garin da ake kwaɓawa. Kunnenka ai ya san wannan."

Kunnena ya sani mana. Amma kuka take yi lokacin, mai kuka kuwa komai ja yake yi. Ban gaya masa haka ba. Na ce mota ce ta wuce.

"In doguwar ce," ya ce, "ba sana'arka ta zaga ba. Turawa har magana suna shafa wa banish. Mutum ya ɗauki labari mummuna ya goge shi, ya sa masa sheƙi, sannan ya miƙa maka. In kuwa gajerar ce, cewa take in abu ya taso sai a neme ka a rasa." Ya leƙo ni ta saman gilashinsa. "Wacce ta fi kama da kai?"

Na ce ya ɗaga ƙafa zan yi shara.

Juma'a, tara na safe

Na tsaya gaban madubin kabad ina gwadawa. Haƙori a kan leɓe, a ja. Haƙori a kan leɓe, a datse. Mai kabad ya shigo ya same ni ina yi wa madubinsa gatsine. Na ce gwada ingancinsa nake yi. Na cije leɓe har jini, ban kuma gano wacce ta faɗa ba.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

An samu ci gaba. Yanzu ana yi mini magana, amma ta ofishin Gwamnati.

Ina zaune a ƙarshen gado, Ƙamus tana gyara filo. Tsakaninmu bai kai kamu uku ba.

"Mama, ki tambayi mijinki ina takardar da Likita ya ba shi."

Gwamnati ta juyo da kai a hankali. "Ka ji."

"Gwamnati, ki gaya wa 'yarki takarda tana nan cikin ƙoshin lafiya, tana gaishe ta."

"Mama, ki ce masa ba wasa nake yi ba. Can asibitin kwanan watan da aka fara gani suke so."

"Ki ce mata zan duba. Shago ne, takardu da yawa."

Gwamnati ta rufe ido ta ce, "Ni fa ba gidan waya ba ce. Ku bar ni in huta."

Hannunta ya zama kamar ƙafar kujerar yara. Zoben da na sha fama in cire mata da sabulu yanzu a babban yatsa yake, nan ma yana yawo. Na ce mata gwamnati ta rage ma'aikata. Ta yi murmushi. Ƙamus ta ajiye kofi da ƙarfi har ruwa ya fantsalo.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, da yarinyar nan ita ce ta fi kowa dariyar maganata. Har shaƙewa take yi. Yanzu in na buɗe baki sai ta yi kamar an buɗe gwangwanin tina, ruwan sirka fenti mai hawa kai, a ɗaki.

Likita ya shigo zagaye. Na tuna ban rufe tagar shago ba.

Lahadi, ƙarfe biyu

Gwamnati ta ci cokali huɗu. Daga bakin ƙofa na ƙirga.

Litinin, takwas na safe

Na yanke hukunci: gajerar ce. Ta fi sauƙin furtawa, kuma mai fushi ba ya da lokacin jan kalma. To tunda haka ake kallo na, bari su ga ta gaske. Na ba matar Hedimasta filas ta kai. Ni ina shago. In ana neman kafinta a zo da ƙafa.

Ni ma mutum ne. Mako bakwai ni kaɗai na ɗauki abin nan. Ni ke kai ta karɓar magani, ni ke cire kwalayen in jefar a hanya don kada ta sa a karanta mata. Ni ke ba ta dariya ta ci abinci. Wa ya tambaye ni yadda nake barci? Sai a zo daga babban gari da jaka mai taya a jefe ni da kalmar da ko rubuta ta ban iya ba.

Talata, ƙarfe uku

Ba wanda ya zo da ƙafa. Na haɗa kujera.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya

Ruwa tun safe. Duk kafintan da ya san kansa ba ya buɗe gwangwani ran ruwa. Na buɗe. Hannu biyu na yi wa kujerar, na biyu tun na farko bai bushe ba. Tana sheƙi kamar an lashe ta.

Alhamis, ƙarfe biyar

Kujera ta yi fari. Fari fat, kamar idon da ya yi yana. Danshin da ke cikin katako ya taso, ya rasa hanyar fita, ya tsaya ƙarƙashin banish yana kallo na. Tsagar nan ta baya kuma ta buɗe baki, ta fi da fitowa. Da wani ne ya yi aikin nan da na yi mako ina ba da labarinsa.

Hedimasta ya zo ya zagaya ta sau biyu. Sai ya buɗe ƙamus, wai ya binciko mini asalin kalmar, kamar na aike shi.

Ya ce Turawan Ingila ma aro suka yi daga tsohon Faransanci. Su ma Faransawa daga Latin suka ɗauko, inda sunan wani ƙaro ne na itace da ake narkawa a shafa. Wasu masana kuma suna zaton ƙaron ya ci sunan wani tsohon gari ne na bakin teku a arewacin Afirka, Berenice, garin kuma sunan wata sarauniya ya ci. Ya ce wannan na ƙarshen zato ne, ba a tabbatar ba.

Na ce, "Wato kalmar nan ta hau jirgin ruwa, ta ci sunan sarauniya, ta zaga ƙasa uku, duk don ta zo barandar asibiti ta mare ni."

"Akwai saura. In suna so su ce gaskiya tsirara, sai su ce unvarnished. Wadda ba a shafa wa komai ba. Shi banish a wurinsu rufa-rufa ne."

Nan fa na tashi. A Turanci zai iya kayar da ni, amma ba a gwangwanina ba.

"Hedimasta, duk wanda ya ƙirƙiro maganar nan bai taɓa riƙe burushi ba. Fenti ne ke rufewa. Banish ba ya rufe komai. Ka shafa shi a kan katako, jijiyarsa ta fito, gaɓarsa ta fito, inda ƙusa ta kuskure ya fito. Abin da ido bai gani ba ma sai ya nuna shi. Mai son ɓoye aibi ba ya taɓa banish, sai wawa. Dubi kujerar nan!"

Ya duba. Ya dube ni. Ya rufe ƙamus.

"To ai ka ba kanka amsa," in ji shi.

Ban ba kaina komai ba. Na ci gardama ne kawai, karo na farko cikin shekara shida, kuma ko daɗinta ban ji ba.

Juma'a, ƙarfe goma

Ba sai na duba ba, na san inda takardar take. A shago, kan kantar sama, ƙarƙashin babban gwangwani. Ranar da Likita ya ba ni na shimfiɗa ta a nan na ɗora mata gwangwani don kada iska ta ɗauke. Haka na gaya wa kaina. Iska.

Kai Gwamnati babban asibiti yana nufin sauka gidan Ƙamus. Sauka gidan Ƙamus yana nufin in buɗe baki in faɗi sunan abin. Kullum sai in ce gobe.

Yau na ɗaga gwangwanin. Ashe yana yoyo ta gindi. Banish ya bi takardar kaf, ya manne ta da katakon kantar, ya bushe ƙam. Na sa farce, na sa wuƙa, gefe ya fara yagewa, na bari. Ga ta nan shimfiɗe tana sheƙi. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan da gangan ba. Kowane harafi ya fito raɗau. Kwanan watan ma ya fi kowa fitowa.

Asabar, ƙarfe ɗaya

Waya ta yi ƙara, lambar Ƙamus. Har na gyara murya. Gwamnati ce.

"Kafinta, ina ka shiga?"

"Aiki ya yi yawa."

"Kwana shida?"

"Biyar da rabi."

Na ji tana numfashi, irin na wanda ya hau bene. Ta ce, "Shayin matar Hedimasta ba sukari." Ta kashe.

Saura mako ɗaya.

Lahadi, ƙarfe huɗu

Na je har ƙofar asibiti. Fentin ƙofar ya fara ɓarewa. Na dawo.

Litinin, tsakar rana

Kankara nake yi. Ba yadda za a gyara banish da ya yi fari sai an koma har kan katako. Sanfefa mai kaushi, sannan mai laushi. Abin da na shafa cikin minti ashirin, yau kwana biyu ina cire shi. Yatsuna duk sun goge, ko wayata ba ta gane su.

Na tono garin katakon da na cusa a tsagar. Na huda ƙarshenta don kada ta ci gaba, na sa mata ƙulli biyu ta baya. Za a gan ta. Amma ba za ta ƙara tafiya ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na sa zarto na yanke kantar. Kamu ɗaya da rabi, da takarda a kai. Na naɗe a tawul, na rungume, na tafi. Mai gadin asibiti ya ce me ke nan, na ce takarda ce. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara. Ya ce in wuce, Allah ya ba mu lafiya gaba ɗaya.

Ƙamus tana ba uwarta ruwa. Na buɗe tawul na ɗora katakon a kan gado.

"Ga takarda."

Ta kalle ta. Ta sa yatsa ta shafa. Gefen bakinta ya motsa, na gani da idona, ta danne shi. Sai idonta ya sauka kan kwanan watan, motsin ya tafi.

Maganganu uku suka zo mini lokaci guda, duka masu kyau. Ɗaya a kan cewa ko ruwa ba zai taɓa takardar nan ba har abada. Har ta hau harshena. Na haɗiye ta, ta wuce kamar ƙusa.

Na zauna a gefen gado na kama hannun Gwamnati. Na ce, "Ba gyambon ciki ba ne."

Na faɗi sunan abin. Yadda Likita ya faɗa mini, ba ƙari ba ragi. Na faɗi abin da ya ce game da lokaci, da abin da ya ce jinkiri yana yi. Na ce takardar nan mako tara tana ƙarƙashin gwangwani, ni na sa ta, ba iska ba. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Sau ɗaya ya isa.



Gwamnati ta ce, "Ka gama?"

Na ce na gama.

"Shekara talatin da uku ina wanke rigunan kafinta, ban san warin banish ba? Tun ranar da ka fito daga ofishin Likita kana ba masu shara dariya na sani. Kai in abu ƙarami ne tsaki kake yi. Sai babba kake wa barkwanci."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Na ga kana ta shafawa. Na ce bari ya gama, kada in sa masa yatsa a ɗanyen aiki." Ta juya wajen 'yarta. "Ke ma da kike hura hanci, sau nawa kika tambaye ni a waya na ce miki yaji ne? Mu biyu muka riƙe burushin."

Ƙamus ta ɗauki katakon ta fita da shi. Ta taga na hango ta tana tafiya ofishin Likita, rungume da kantar shagona.

Da Likita ya zo zagaye, ruwa bai ƙare ba, tagar shago a rufe take. Na zauna. Ƙafata ta dama ta yi ta son tashi, na ɗora mata ta hagu.

Laraba, bakwai na safe

Ƙamus ta amsa filas. Ta ce "lafiya." Kalma ɗaya, gajera, amma da ni take.

Alhamis, ƙarfe biyu

Likita ya rubuta sabuwar takarda, ya ce a tafi da katakon ma, su can su ga asali. Ya tambaya ko ina yi wa takardun makaranta irin wannan. Ban yi dariya ba. Shi ma daga baya ya daina. Ya ce mako tara ba kaɗan ba ne, amma ƙofa ba ta rufe ba. Na tambaye shi faɗin abin da ya rage a buɗe. Ya ce shi ba kafinta ba ne.

An yi maganar mota a gabana. Filo biyu, bargo ɗaya. Har yanzu ba a ambaci kafinta ba, ni kuma ban tambaya ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Ina share ƙurar kujera sai inuwa ta tare ƙofa. Na ɗauka Hedimasta ne, na ce yau ba makaranta. Ƙamus ce. Rabonta da shagon nan tun tana sakandare.

Ta dubi ramin da na yanke a kantar sama. Ta dubi guntun katakon da Hedimasta ya rubuta kalmominsa uku, wanda na kafa a bango da ƙusa. Ta karanta. Sai ta zauna a kujerar, ta jingina, ta ɗora hannuwa.

"Ta Mama ce?"

"In ta so."

"Akwai tsaga a baya."

"Akwai. Na ɗaure ta. Saura shafi, in rana ta fito."

"Kada ka shafa mata komai. Wari yana tayar mata da zuciya yanzu."

"Za ta yi datti."

"Sai a goge."

Na yi ta juya tsumma a hannu. Na ce a raina in ban tambaya yau ba, da abin nan za a binne ni.

"Ƙamus, ranar nan a baranda. Kalmar da kika faɗa. Doguwa ce ko gajera?"

Ta ɗago. "Mako uku kana yawo da wannan?"

"Har leɓe na cije."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Ofishin Gwamnati ba ya karɓar irin wannan takarda."

Dariyar ta kufce mata ta hanci, irin ta da, mai shaƙewa. Ba ta daɗe ba, ta koma wani abu dabam, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Na tsaya da tsummana. Ban ce komai ba. Wallahi ban ce komai ba, a rubuta mini wannan.

Da ta sauke mayafin ta ce, "Doguwar ce, Baba. Gajerar kai ka ƙara da kanka. Kwana takwas."

"Bakwai da rabi."

"Baba."

"Takwas."

"Ban huce ba fa. Mako taran nan ba zai dawo ba."

"Na sani."

Ta tashi ta kakkaɓe siket. Ta ɗaga kujerar ta ji nauyinta, ta ajiye. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Direba ya ce shida da rabi. Kujerar za ta hau sama. Kai kuma gaba za ka zauna, ka riƙe katakonka, don ni ba zan shiga babban asibiti da kantar shago a hannu ba. Kai za ka yi musu bayani."

"Da Turanci?"

"Da duk abin da ka iya. Marar sheƙi."

Asabar, shida da kwata na safe

Na ba Hedimasta makullin shago. Na ce gwangwanin sama yana yoyo, ya jefar. Ya ce in na dawo za mu shiga aji biyar.

An ɗaure kujera. Gwamnati ta leƙo ta taga ta ce ɗaurin bai yi ba, wane irin kafinta ne wannan, in sake. Faɗa ne sosai, har da nuna yatsa.

Na sake.